Maganar Motar Da Ta Tare Hanya, Da Abin Da Ke Wuyan Wanda Ya Janye Ta

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar nan da ta taso daga Kwantagora, ta ratsa Yalwan Yawuri, ta bi ta ƙasar Shanga ta nufi Koko da Jega har Sakkwato, ya san abin da ɗanyen ganye ke nufi idan ya gan shi zube bisa kwalta. Watau a gaba kaɗan akwai babbar mota ta lalace, direba da yaransa sun karyo rassan itace sun jera don masu zuwa su yi hattara. Wata takan kwana biyu a gyara ta tashi, wata ta yi mako, wata kuwa har ganyen ya bushe iska ta kwashe shi, ita tana nan daram, ba fitila ba alama. Da rana abin da sauƙi. Da dare kuwa, direban da ya taso da lodin albasa ko busasshen kifi daga bakin ruwa, idonsa ya cika da hasken motar da ke fuskantarsa, ba ya ganin wadda ke tsaye sai ya zo daf da ita.

Cikin gari ma haka abin yake, sai dai a nan ba rai ake tsoro ba, lokaci da ciniki ake hasara. Mutum guda ya gicciye motarsa a bakin tasha ko a mashigar kasuwa ya tafi sha'aninsa, sai amalanke da a-kori-kura su taru a bayansa, mai kayan gwari yana kallon kayansa suna yaushi cikin rana.

Amma inda maganar ta fi fitowa fili shi ne cikin jami'o'i, kuma ya kamata malamai da attajiran wannan ƙasa su san yadda take, gama 'ya'yansu suna can. Samarin Yawuri da Ngaski da Shanga suna karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, wadda kuma Mai Martaba Sarkin Yawuri Dokta Muhammadu Zayyanu Abdullahi ya taɓa shugabanta kafin ya hau gadon sarauta a 1999. Waɗansu suna Aliero, waɗansu Birnin Kebbi, waɗansu Zariya da Kano. Uba yakan tafi da mota ran da za a yaye ɗansa, ɗan kasuwa yakan kai kayan da aka ba shi kwangila. Jami'a kuwa gari ce mai ganuwa. Tana da ƙofa da masu gadi, da titunanta, da unguwar ma'aikata, da asibiti da masallaci da kasuwa, tana kuma da dokokinta na cikin gida. Baƙon da bai san dokar ba yana iya fitowa daga ofis ya tarar an sace iskar tayarsa, ko an kwance lambar motar, ko ya tarar da wurin wayam, janwe ya ja ta an kai bayan ofishin tsaro.

To, motocin da aka jingine ƙaruwa suka yi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai Naira 1,000 da ɗoriya a wurare da yawa. A watan Yuni na 2023 ɗin aka saki darajar Naira, kayan gyara da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi. Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba sai ya lulluɓe motarsa da tamfol ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya koma hawa babur, da niyyar idan hali ya samu ya tashe ta. Wata shida taya ta sace, shekara guda batir ya mutu, ɓera ya cinye wayoyi, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Ya kamata mai karatu ya lura, abin da ake haɗawa a kira shi da suna guda iri uku ne. Akwai motar da aka ajiye inda bai kamata ba, mai ita yana kusa, da an yi kira zai fito. Akwai wadda ta lalace, mai ita yana ta faman neman bakanike da kuɗi. Akwai kuma wadda aka yasar, ba a san mai ita ba, ko an san shi amma ba ya nan. Mafi yawan zaluncin da ke aukuwa a wannan sha'ani daga gwama su yake tasowa, a ɗauki hukuncin yasasshiya a ɗora wa mutumin da ya shiga ofis na minti goma.

Game da kawar da abin da ya tare hanya, babu malami ko alƙali da ke jayayya. Hanya ta jama'a ce, ba wanda ke da ikon mallake ta ko da taƙi guda, kawar da cuta daga kanta ma aikin lada ne. Motar da ta toshe ƙofar asibiti ko ta tsaya a kwana cikin duhu, lalle a janye ta, ko mai ita ya so ko ya ƙi. Wanda ya ce hukuma ba ta da wannan iko bai yi wa kansa adalci ba, domin gobe matarsa ce za a ɗauko tana naƙuda a tarar da ƙofar a toshe.

Jayayyar tana farawa ne daga sa'ad da janwe ya ɗaga motar. Daga wannan lokaci dukiyar mutum ta fita hannunsa ta shiga hannun wani ba da yardarsa ba, kuma dole a san sunan wannan riƙo: ko ajiya ce, ko ƙwace.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsefe irin wannan a babin tsintuwa, wanda suke kira Luƙaɗa, kuma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya wuce ta kansa. Hukuncin a taƙaice shi ne wanda ya tsinci dukiya sai ya yi cigiyarta shekara guda a wurin da ake tsammanin mai ita zai ji. Idan wani ya zo ya siffanta ta daidai, a ba shi. Idan shekara ta cika ba wanda ya zo, mai tsintuwa ya zaɓa, ko ya ci gaba da riƙo ko ya yi sadaka da ita, amma in mai ita ya ɓullo daga baya lamuni yana kansa. In ta halaka a hannunsa ba da sakacinsa ko taɓawarsa ba, ba ya biya. In kuwa ya yi amfani da ita, ya biya. Ga shi nan sarai: ɗaukar abu daga hanya ba ta mai da shi naka, nauyi ne ka ɗora wa kanka.

Har wa yau malamai sun bambanta tsakanin raƙumi da akuya. Raƙumin da ya ɓace a daji ba a kama shi, gama yana iya kai kansa ga ruwa da itace har ubangijinsa ya same shi. Akuyar da aka samu a dokar daji inda ba mutane, ita an yarda a ɗauka, don in an bar ta kura ce za ta ci. Ma'aunin dai shi ne a duba ko barin abin a inda yake zai jawo hasara. In aka gwada mota bisa wannan ma'auni, wadda ke ƙarƙashin bishiya a ƙofar gidan mai ita, ba ta tare wa kowa hanya ba, raƙumi ce, a ƙyale ta. Wadda ke tsakiyar titi cikin duhu ta fi akuya bukatar a ɗauke, domin ita ba halaka kaɗai za ta yi ba, halakarwa za ta yi.

Akwai kuma wani labari cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ya dace da wannan zamani ƙwarai. A zamanin Sayyidina Umar ɓatattun raƙuma barinsu ake yi suna kiwo har suna haihuwa, ba mai taɓa su. Da zamanin Sayyidina Usmanu ya zo sai ya yi umurni a yi cigiyarsu, sa'an nan a sayar, in mai su ya zo a ba shi kuɗin. Watau shugaba yana da ikon sayar da abin da aka rasa mai shi idan maslaha ta kawo haka, amma cigiya tana gaba da sayarwa, kuɗin kuwa na mai dukiya ne. Game da abin da aka kashe wajen ciyar da dabbar, a Mukhtasar na Shaihu Halilu an ba mai ita zaɓi, ko ya biya ya karɓi abinsa, ko ya sallama ta a bakin kuɗin. Ma'anar wannan ita ce ba a bin mutum bashin ajiya da ya wuce darajar abin da aka ajiye masa. Wanda ya taɓa jin an tara wa tsohuwar mota kuɗin kwana har ya fi kuɗinta, ya san amfanin wannan ƙa'ida.

Al'adar ƙasar Hausa ma bisa wannan turba ta ginu. Dabbar da ta ɓace ko ta shiga gonar wani akan kai ta gidan mai unguwa ko dagaci a ɗaure, a yi cigiya ran kasuwa, mai ita ya zo da shaidu ya biya ɓarna da abin da ta ci, ya kwance abarsa. Ba a taɓa jin mai gona ya yanke wa kansa tara ya kuma riƙe saniya har sai an biya shi abin da ransa ya so ba, sai in rigima yake nema. Mai ƙara daban, mai ajiya daban, mai hukunci daban.

Dokar gwamnati ba ta yi nisa da haka ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, dokar da take aiki da ita kuwa ta 2007 ce. Dokar ta ɗora mata kawar da abin da ya tare babbar hanya, ta ba ta ikon janye mota ta tsare, mai ita ya biya kuɗin ajiya na kwanakin da ta yi. Amma idan wata shida ya wuce ba a zo karɓa ba, hukumar ba ta da ikon sayarwa da kanta, sai ta nemi izni a Babbar Kotu, kana a yi gwanjo a bainar jama'a, kuɗin ya shiga baitulmalin gwamnati. Jihohi kuma sun kafa nasu, kamar KAROTA ta Kano da aka kafa a 2012, kowace da dokar da majalisar jiharta ta yi mata.

Ran 2 ga Oktoba 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a gaban Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke wani hukunci da ya girgiza masu wannan aiki. Wani lauya ne ya kai ƙarar ma'aikatan duba lafiyar motoci na Abuja, waɗanda aka fi sani da VIO. Kotu ta ce babu dokar da ta ba su ikon tsayar da mota a hanya, ko kama ta, ko cin mai ita tara, ta kuma hana su yin haka. Hukuncin a kan ma'aikatan Abuja aka yi shi, Jihar Legas ma nan da nan ta ce bai shafe ta ba tun da tana da tata dokar. Duk da haka asalin da aka gina shi a kai ya game ko'ina: sa kaki da riƙe sanda ba su ne ke ba mutum iko bisa dukiyar wani ba, sai an nuna dokar da ta ba shi.

Legas ɗin kuwa ta nuna ɗaya gefen. A watan Satumba 2022 gwamnatin jihar ta yi gwanjon motoci 134 a Alausa ta Ikeja, waɗansu yasassu, waɗansu kuwa kotu ce ta ƙwace su saboda laifin hanya, kamar bin titi ta inda aka hana. An bi doka, an je kotu. Amma mutane sun ga masu motocin haya tsaye cikin taro suna kuka, suna tayin abin da da shi suke ci da iyalinsu, waɗansu kuma suna ƙara kuɗi a kansu. Mutane da yawa da suka yarda laifi laifi ne sun ce horon ya fi laifin girma. Ko da doka a hannu, raba mutum da abin sana'arsa dungum ba ƙaramin abu ba ne.

Sai a komo kan jami'a. Matsayinta ya bambanta da na hukumar hanya, domin ita mai gida ce a cikin filinta. Dokar da ta kafa ta ta ba majalisarta ikon tsara zaman cikinta da horon ɗalibai da ma'aikata, su kuwa sun sa hannu sun yarda da wannan tun ran da aka ɗauke su. Baƙo fa? Attajirin da ya zo daga Wara ko Birnin Yawuri bai sa hannu a kome ba. Abin da ke tsakaninsa da jami'a shi ne allon da aka kafa a ƙofa, in an kafa, da ɗan katin da mai gadi ya miƙa masa. Idan ba allo, ba layi a ƙasa, ba wanda ya ce masa kada ya tsaya nan, da wace hujja za a ci shi tara? Kuma a nan mai ƙara da mai kamu da mai ajiya da mai yanke tara duk ofishi guda ne, abin da dagacin ƙauye ma bai yarda da shi ba.

Turawa sun sha wannan rigima kafin su kai ga magani. A Ingila masu filaye sun daɗe suna ɗaukar 'yan kwangila su maƙala wa tayar mota ƙarfe, ba za a kwance ba sai an biya abin da suka yanka, har abin ya zama sana'ar 'yan ƙwace. A Sikotlan kotu ta hana tun 1992, ta ce wannan tatsa ce da sata. A Ingila da Wales sai da majalisa ta yi doka, daga 1 ga Oktoba 2012 ya zama laifi mai fili ya ɗaure ko ya janye motar wani ba da ikon da doka ta ba shi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya kafa allo, ya rubuta takardar biya, in an ƙi ya kai ƙara. Abin lura a labarinsu shi ne inda ɓarnar ta fito: duk sa'ad da aka ce abincin mai janwe yana cikin yawan motocin da ya ja, to ba zai so hanya ta gyaru ba. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Yasassun motocin jami'a kuwa yawancinsu ba marasa gata ba ne, in an bincika. Wata ta malami ce da ya tafi ƙarin ilmi ƙasar waje shekara uku ko huɗu. Wata ta wanda ya yi ritaya ce ya koma garinsu bai sami kuɗin ɗauka ba. Wata kuwa, wannan ita ce mai nauyi, ta mamaci ce, ba a raba gado ba, cikin magada akwai marayu ƙanana da matar da ke takaba a wani gari. Irin wannan in an ja ta aka jefar a fili, ruwa ya doke ta rana ta doke ta, aka wayi gari ba batir ba taya ba fitila, to dukiyar marayu aka ci, ko da wanda ya ba da umurnin bai taɓa ko ƙusa ba. Jami'a kuwa ta fi kowace hukuma sauƙin cigiya, gama sunan kowane ma'aikaci da garinsu da magajinsa suna cikin fayil a ofishin rajistara. Wanda ke da wannan a hannu ba shi da uzurin cewa bai san mai ita ba.

Mutanen bakin tabkin Kainji sun san abin da ake nufi da hukuma ta kawar da dukiyar mutum saboda amfanin jama'a. Sa'ad da aka gama madatsar ruwan a 1968, mutum fiye da 40,000 aka tasa a ƙasar Yawuri da Borgu, tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa da yawa suka bar tsibiransu. An yi gunaguni a kan fasalin gidajen da aka gina musu, amma kafin ruwa ya zo sai da aka bi gari gari aka ƙidaya aka rubuta. Abin da aka yi wa garuruwa ba zai gagara a kan mota guda ba.

Abin da ake bukata, a jami'a ko a ƙaramar hukuma, ba mai tsada ba ne. Wanda motarsa ta tare hanya yana kusa, a kira shi ya gusar, tara in akwai ta kasance rubutacciya tun kafin laifin, a biya ta a asusun hukuma a karɓi rasit mai lamba. Wadda ta lalace a babbar hanya, taimako take bukata kafin horo, a ja ta gefe, a sa alama mai haske da dare maimakon ganye. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ya kamata kowane direba da shugaban tasha su riƙe ta. Wadda ake zaton yasasshiya ce kuwa a manna mata takarda a ba da wa'adi, in za a ja ta a rubuta abin da ke jikinta da abin da ke cikinta a gaban shaidu biyu, a ɗauki hotonta da waya, a kai ta wuri mai shinge da mai gadi wanda za a tambaya in wani abu ya ɓace. Cigiya a yi ta inda mai ita zai ji, a rediyo, a tasha ta bakin shugabannin direbobi, a ƙofar masallacin Juma'a bayan an sallame. Sayarwa kuwa sai da iznin alƙali, a cire kuɗin ja da na ajiya bisa ƙima, ragowar a ajiye da sunan mai ita ko magadansa.

Shi kuma attajirin da zai aika mota Sakkwato ko Zariya, ya tabbata takardunta suna da hoto a gida, ya gargaɗi direbansa ya tambayi mai gadi inda ake tsayawa kafin ya kashe inji. In aka kama ta duk da haka, kada direba ya yi faɗa, kada kuma ya miƙa na goro a bayan ofis. Ya nemi a nuna masa dokar a rubuce, ya rubuta sunan wanda ya kama da ranar da sa'ar, ya ƙirga abin da ke cikin motar a gabansu, kana ya biya in biya ya kama, ya riƙe rasit ɗinsa, domin da shi ne alƙali zai saurare shi in ya kai ƙara.